Sauran Kafson

Ranar da zazzaɓin ya sauka, mijinta ya ɗauki kafson da likitan Tawa ya ba shi saboda gyambon ƙafarsa, ya nufi turke. Ta sha gabansa.

"Malam, likita ya ce ka shanye shi duka, ko ka ji sauƙi."

"Ni na warke," in ji shi. "Bijimin nan kuwa ya daina cin abinci. In ya faɗi, da mi za mu yi noma?"

Tun da aka karya darajar kuɗin sefa magani ya fi ƙarfin talaka, kuma wannan bijimi shi kaɗai fari ya bar musu. Da hannunta ta riƙe ƙahon, mijin ya fasa kafson cikin ruwa ya ɗura masa.

Bijimi ya miƙe. Ƙafar kuwa ta sake kumbura, ta yi baƙi har gwiwa, mijin ya koma sambatu.

Bijimin ne ya ja amalanken da aka ɗora mijin daga Affala zuwa asibitin Tawa, da ƙarfinsa, ko tsayawa bai yi ba. Washegari shi ne ya komo da su gida, tana zaune gefen tabarmar da aka naɗe gawar mijinta a ciki.