Wayar Dillali a Shinkafar Waina

Tunda ka ce gara ka yi shiru da maganar nan, zauna in ba ka misalin wani dillalin awaki. Mutumin nan duk cinikinsa a waya yake: ta nan masu saye ke kiransa, a cikinta lambobin mahauta da makiyaya suke, shi kuwa ko lambarsa bai haddace ba. Matarsa mai sana'ar waina ta sha gaya masa ya daina sa wayar a aljihun gaban riga, shi kuma ya sha ce mata ta ji da tandarta. Ran nan da hantsi ya sunkuya zai ba awaki ruwa, sai ji ya yi tsundum, waya ta sulale cikin bokiti. Ya tsamo ta, ya goge da gefen riga, ya tuna an ce a kashe ta a binne cikin ɗanyar shinkafa ta tsotse ruwan. Har nan dai bai yi laifi ba. Inda wautar take, kunya ta hana shi gaya wa matar, don ya san dariyar da za ta yi masa sai maƙwabta sun ji. Sai ya saci jiki ya shiga madafa, ya tarar da shinkafa an auna cikin babbar roba, ya tura wayar can ƙasa, ya shafe sama sumul, ya fita yana yaba wa kansa dabara.

Bawan Allah ya daɗe yana cin waina, amma bai taɓa tambayar yadda ake yin ta ba. Shinkafar waina ai jiƙa ta ake yi. Fitarsa ke da wuya matar ta ɗauko bokiti ta sheƙa wa robar ruwa har baki, ta rufe da faifai ta kama wani aikin. Shi kuwa yana can majalisa, duk wanda ya ce an kira shi ba ta shiga, sai ya ce ya bar ta a caji. Waya ta wuni tana jiƙa tare da shinkafa. Da la'asar matar na sauri, ta tsiyaye ruwan kawai ta kai markaɗe, ga shi injin yana daura da majalisar. Mai inji ya sa hannu zai zuba, ya ji wani abu mai tauri, ya zaro, ya ɗaga sama tana ɗigar farin ruwa, ya ce, "Hajiya, wannan ma a markaɗa, ko a ware ta?" Majalisa ta kwashe da dariya, dillali ya rasa inda zai sa fuskarsa. Washegari mai gyara ya buɗe ta ya girgiza kai, ya ce tsomawar farko ba komai ba ce, wunin da ta yi a ruwa shi ya kashe ta. Waya ta tafi da lambobinta duka, dariyar da ya ƙi a yi masa a tsakar gida kuma aka yi masa ita a bakin titi. Da ya buɗe baki ya gaya wa matarsa, da ta ware masa busasshiyar shinkafa a kwano ta ajiye gefe.

Shi ya sa Hausawa suka ce, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.