Takardar Cape Town

"Ki tafi Cape Town," in ji uwar tana tuƙa tuwon nsima. "Jami'ar nan ta gida, ta Blantyre, ba sa'arki ba ce."

Jami'o'in biyu sun ba 'yar tata gurbin karatun sinadarai, share fagen likitanci. Uwar da ba ta taɓa barinta ta kwana a waje ba, yau ita ke korarta.

Yarinyar ta sunkuya za ta karɓi muciya, sai numfashin uwar ya daki hancinta, zaƙi-zaƙi kamar ruɓaɓɓen mangwaro. Ta san warin daga ɗakin gwajin sinadarai na makarantarsu. Ta kuma karanta cewa haka bakin mai ciwon sukari yake yi idan ciwon ya ci jiki.

"Mama, tun yaushe?"

"Na ce ki tafi."

Ran nan yarinyar ta jefa takardar gurbin Cape Town a murhu, da wutarta aka ƙarasa dafa tuwon.