Kiɗan Shigowar Hajiya Rekiya

Hajiya Rekiya ta riga ta juya baya karo na uku, irin juyawar da ke sa mai kaya ya biyo ta yana rantsuwa, sai tsohon Basine mai shagon ya kunna lasifikar da suke ciniki a kai.

Ƙafarta ta tsaya cak.

'Yar ƙaramar ganga ce can ƙasa-ƙasa, kamar ɓera na tafiya a kan rufin kwano. Sai wata sarewa ta biyo ta a hankali. A hawa na uku na kasuwar Tianxiu, can ƙasar Sinawa, tsakanin kwalaye da hayaniyar 'yan dako, Hajiya ta ji ƙamshin ɗakin mijinta.

Marigayi Injiniya Shehu shekara shida ya yi yana karatu a Rasha. Abin da ya dawo da shi bai wuce uku ba: hular gashi, tari, da kaset guda. Shekara talatin da ɗaya suka yi tare, kuma bai taɓa jin takun takalminta a matakalar benensa ya fasa danna kaset ɗin nan ba. Ranar farko da ta tambaya, ya ce, "Kiɗan manya ne, Rekiya. A can ba a yi wa kowa shi sai wanda gari duka ya san da zuwansa."

Ta yarda, don ta ga alama. Da zarar gangar ta fara, abokan hirarsa sai su miƙe, kowa ya lalubi takalminsa, su bi ta ƙofar baya. Shi kuwa ya gyara matashin kai, ya buɗe taga, ya zauna tsaf. Wace mace aka yi wa haka a duk Gwammaja?

Kiɗan dai a kunnenta ba wani abin a zo a gani ba ne. Ba mawaƙi, ba kirari, ba inda za a taka rawa. Abu ɗaya ake ta maimaitawa kamar mai tallar kunu, sai dai kowane zagaye ya fi na baya ƙarfi, har a kai inda kakaki da tambura ke neman tsaga bango. Daidai nan take isa bakin ƙofa.

Mai kiɗan ma ta san shi, don hotonsa na jikin bangon ɗakin Injiniya: wani siririn Bature mai tabarau kamar gindin kwalba, fuska a yamutse kamar wanda ya sha maɗaci. Injiniya kan ce mutumin ya yi zamansa ne ƙarƙashin wani shugaba da ba a ce masa a'a. Yau a yi masa lambar yabo, gobe a ce kiɗansa shirme ne. Da jakar kayansa a ɗaure yake kwana, don bai san ranar da za a zo ɗaukarsa ba.

"Abin da bakinsa ya kasa faɗa, sai ya faɗa da kiɗa," in ji Injiniya. "Ni da shi kamar uwa ɗaya uba ɗaya."

Bayan rasuwarsa da shekara biyu rediyo ta cinye kaset ɗin. Hajiya ta zaga Kano tana rera shi da baki, masu saida waƙoƙi na kallon ta kamar mai aljanu. Ga bikin 'yar autarta Radiyya saura wata guda, ga shi ta riga ta cika baki a Kantin Kwari cewa da kiɗan da mijinta ke yi mata za ta shiga zauren biki. Hajiya Jika, maƙwabciyar shagonta, har tafawa ta yi da mutane: wai in ta ji kiɗan nan da kunnenta, ita za ta riƙe wa Rekiya jaka.

"Abdulhakeem," Hajiya ta ce wa dillalin da ke loda mata kaya yana mata tafinta, "gaya wa Laoban, mai shagon nan, na ɗauki lasifikun. Amma kiɗan nan gyara ne. A tura min shi a waya."

Tsohon ya kaɗa hannu. "Mei yo, mei yo!"

"Babu a gidan ubanwa? Ga shi ina ji!"

Ta juya baya karo na huɗu. Tsohon bai bari ta taka matakala ba ya sallama, har da ƙarin wayoyi biyu na haɗi. Da ya ji biki za a kai shi, sai ya tuntsire da dariya, ya kama zuba bayani. Ashe yana saurayi shi ke kaɗa 'yar gangar nan a ƙungiyar makaɗan makarantarsu. Ya yi tafiyar soja a tsakar shago, ya leƙa ƙofa a tsorace, ya cusa sigarinsa ƙarƙashin kwali.

Abdulhakeem ya shiga sosa ƙeya.

"Me yake cewa?"

"Yabon kiɗan yake, Hajiya."

"Kai, ni na yi jika da kai. Yabo ne har da ɓoye taba? Na san na manya ne. Tambaye shi na sarauniya ne ko na uwar sarki, don in san abin da zan gaya wa Jika."

Tambura sun kai maƙura, gilashin shagon na rawa. Hajiya ta gyara mayafi, ta ɗaga haɓa, irin tsayuwar da ta yi shekara talatin da ɗaya tana yi a ƙofar Injiniya.

Abdulhakeem ya ja da baya taku biyu, ya sa kwali tsakaninsu.

"Ya ce lokacin yaƙi aka yi shi, Hajiya. Wannan ɓangaren kiɗan rundunar abokan gaba ce ke tunkarar gari, kowa ya ɓoye abin da yake da shi, mai ƙafa ya gudu."