Sarƙa a Ƙofar Baya

Ciyaman bai manta da kunyar da ya sha bara ba. Shi ne shugaban ƙungiyar ɗaliban tattalin arziki a jami'arsu, kuma a taronsu na bara, ana gama raba lemo da biskit ɗalibai suka dinga sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin babban baƙo ya kai rabin jawabinsa, daga shi sai kujeru. 'Yan ƙungiyar nazarin siyasa, abokan hamayyarsu, suka ɗauki hoton zauren suka baza a waya. Wata guda cur ana yi masa dariya.

Bana ya rantse ba za a sake ba. Taron kuwa ba ƙarami ba ne. Za a tattauna a kan wata ƙasar Asiya da arzikinta ke haɓaka, yadda masana'antunta suka cika kasuwannin duniya da kaya, da inda hakan zai kai ƙananan ƙasashe. An gayyato wani shehin malami daga nesa, an ɗauko mai hoto, an aro fitilu da manyan lasifikoki.

Da safiyar ranar, Ciyaman ya zagaya bayan zauren riƙe da sarƙa da kwaɗo. Dattijon da ke kula da zauren ya tare shi.

"Ɗana, me za ka yi da wannan?"

"Baba, ta ƙofar nan suke zillewa. Yau babu mai fita sai an tashi."

"Haba! Mutum ɗari biyar ka bar musu ƙofa ɗaya? In wani abu ya faru fa?"

"Me zai faru? Taron ilimi ne, ba filin ƙwallo ba."

"To bar mini makullin."

"Ai ku tausayi ya yi muku yawa, Baba. Suna roƙonku za ku buɗe."

Ya naɗa sarƙar ta waje don kada ta fito a hoto, ya datse kwaɗon, ya jefa makullin a aljihun kwat ɗinsa.

Akwai ƙanwarsa Auta, 'yar ajin farko. Ranar da ta samu gurbin karatu, mahaifiyarsu ta kama hannunta ta sa a nasa ta ce, "Ga amana nan." Ita ma bai ƙyale ta ba, ya ce lallai sai ta zo taron.

"Yaya, ina da gwaji ƙarfe goma sha biyu fa."

"Kujera ɗaya kawai za ki cika mini. Raguwa!"

"To Ciyaman na duniya, na ji," ta ce tana dariya.

Ta zo. Ta zaɓi layin ƙarshe, dab da ƙofar baya, don lokaci na yi ta zame ba tare da yayanta ya gani ba. Ba ta san da sarƙar ba, shi kuma bai ga inda ta zauna ba.

Zaure ya cika maƙil, har da na tsaye. Shehin malami yana bayani a kan tashoshin jiragen ruwa da layin dogo, Ciyaman na gefensa sai washe baki yake yi, kansa ya yi girma. A ransa yana cewa, yau 'yan nazarin siyasa sai su ɗauki hoto mu gani.

Sai aka ji tas! Wayar wutar da aka lafta wa fitilu da lasifikoki ta yi tartsatsi, labulen gaba ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe. Wani ya ƙwalla ihu, "Wuta!" Da yake wutar a gaba take, kusa da babbar ƙofa, jama'a suka yi baya gaba ɗaya.

Ƙofar ta ƙi buɗuwa. Na baya suna turo na bakin ƙofar, su kuma suna dukan ƙarfe suna salati.

Ciyaman ya ja baƙonsa suka fice ta gaba. Sai a waje ya ji nauyin makullin a aljihunsa. Ya kwasa da gudu. Ya tarar da dattijon nan yana ta dukan kwaɗon da dutse, hannunsa duk jini. Shi kuma da ya zo buɗewa, sau biyu makullin na faɗuwa ƙasa kafin ya shiga.

Ƙofa ta buɗe, mutane suka zubo a kan juna. Da aka ɗaga na sama, a can ƙasa aka sami Auta. Katin shiga gwajinta na nan a hannunta. Ba ta kai asibiti ba.

Abin takaicin, wutar ba ta ci komai ba sai labule da kujeru uku. Masu gadi suka kashe ta cikin minti biyar. Wallahi da ƙofar nan a buɗe take, da yanzu labarin dariya ake yi.

Bayan kwana uku mai hoto ya turo aikinsa. Zaure cike, babu kujera ɗaya da ba kowa. Ciyaman ya faɗaɗa hoton da yatsunsa. Ga Auta a layin ƙarshe, tana duba agogon hannunta.

Yana zaune a tsakar gida wayar na hannunsa, mahaifiyarsu ta fito. Tun ranar ba ta yi doguwar magana da kowa ba. Ta zauna kusa da shi, ta dafa kafaɗarsa.

"An ce mini kulle ƙofar aka yi da sarƙa," ta ce a hankali. "Kai da kake shugabansu, ka sani. Wane marar imani ne ya yi wannan?"

Ya ajiye wayar.

"Ni ne, Umma."

Ta janye hannunta daga kafaɗarsa, ta tashi ta koma ɗaki.

Ya ku masu karatu, musamman masu shirya taro a makarantu: kada son a gani ya sa ku toshe wa mutane hanyar tsira. Kunyar kujerun da ba kowa tana wucewa, amma ran da aka rasa ba ya dawowa.