Tambayar da Mushe Ya Gwada a Kaina

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, jikokina, amma Mushe, malamin manyan yara, a zauren babanmu ya sauka. Wata la'asar na kai masa fura, na iske shi ya yi tagumi. Ya sa yaransa rubuta labarin rijiya, sun kawo takarda fara fat.

"Yarinya, tsaya in gwada tambaya. Yaya rijiya take?"

"Rijiya ce mana, Mushe."

Ya yi dariya, ya soke tambayar. "To, in kin leƙa, me kike gani?"

Sai bakina ya buɗe: duhu, igiyar guga, fuskata can ƙasa tana rawa.

"Wannan zan yi masu gobe."

Na tsufa ban ji amsarsu ba. Su kuwa, me suka gani?