Ƙarar Motar Alhaji Illa

Da zarar Alhaji Illa ya ja giya zai tashi, sai a ji "gum" daga ƙasan motar, kamar an saki taɓarya a kan daɓe. Haka ma in zai yi baya.

Motar otomatik ce, ɗansa Yunus ya aiko masa daga Kano don ya huta. Alhaji ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan taksi tsakanin Matameye da Damagaram, kuma ya yi imani babu ƙarar ƙarfen da kunnensa bai san sunanta ba. Tun ranar farko ya raina motar. Abin takawa biyu kacal, in ji shi, ko akuya aka ɗora za ta tuƙa. Ga shi motar akuya ta gagare shi.

Marwan makaniki ne a bayan tasha. Manyansa sun riga sun kai gaisuwa gidan Alhaji a kan Najaha, autar gidan, amma ba a ba su amsa ba tukuna. Alhaji ya zo garejinsa ya ajiye makulli a kan benci.

"Wanda bai iya jin ciwon mota ba, ban ga yadda zai ji na mutum ba," ya ce. "Ka gano ƙarar nan, sannan manyanka su dawo."

Marwan ya bi motar daki-daki. Man buwat, wato akwatin giya, jajir yake, ba ƙauri. Robobin da ke riƙe inji ya zura ƙarfe ya ɗaga su, babu tsagewa. Ya shiga ƙarƙashinta ya girgiza kardan, sandar da ke juya tayoyi, da hannu, ba ya wasa. Ya zauna ya taka birki, ya ja giya gaba, ya ja baya, har hannunsa ya gaji. Shiru kake ji.

Alhaji ya dawo, ya shiga, ya yi bismilla, ya ja giya. Gum.

"Ka ji ko? Kai take yi wa kawaici."

Magana ta kai teburin mai shayi na tasha. Wani ya ce buwat ɗin ta tafi, sai Kano. Wani ya ce ba aikin makaniki ba ne, a nemi malam. Najaha kuwa saƙo ta aiko wa Marwan ta waya: "Ko in zo in kama maka sifana? Na ga alamar a gidanmu zan tsufa."

Washegari Marwan ya roƙi Alhaji ya tuƙa, shi kuma ya zauna a gefensa. Ya sunkuya ya kai kunne dab da ƙasan motar, ya ce a ja giya. Gum. Ya ce a sake. Gum. Ya daɗe a sunkuye fiye da yadda saurare ke buƙata, kuma da ya ɗago bai yarda sun haɗa ido ba.

"Baba, a bar mini ita zuwa gobe."

Ranar kasuwa ce. An ga Marwan a rumfar mai katifa yana ciniki, 'yan shayi suka yi ta tsiya, wai ango ya fara sayen shimfiɗa tun ba a ba shi amarya ba.

Da safe Alhaji ya ja giya. Shiru. Ya ja baya. Shiru. Marwan ya durƙusa ya miƙa masa wata tsohuwar roba mai tsagu, wadda ya tsinto a tarkacen gareji.

"Ita ce, Baba."

Alhaji ya juya ta a hannu, ya gyaɗa kai. "Dama ita na zarga. So nake in ga ko za ka gano."

Manyan Marwan suka dawo, aka sa rana. Alhaji har yanzu yana nuna robar a tasha, yana koya wa matasan direbobi yadda ake sauraren mota.

Guntun soson katifar kuwa yana nan a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, hagu da birki, daidai inda ƙafar Alhaji ta hagu ke dirka wa ƙasa duk sa'ad da hannunsa ya taɓa giya, tana neman kulocin da ta baro a tsohuwar taksi.