Juma'ar da Bindigar Kaka Ta Yi Shiru

Zalmai ya ja kunamar bindigar da ya gada daga kakansa. Ƙas! Ta ƙi tashi.

"Sai da na ce maka harbin nan zai cinye ta," in ji matarsa Torpekai. "Ƙarfe ma yana gajiya, maigida."

Tun da jini ya shiga tsakaninsa da Gulmast na tsallaken kwari, Zalmai bai ƙara taka ƙofar gida ba. Kowace Juma'a yakan hau soro ya harba sama, daga can a amsa masa da harbi ɗaya. Wato ina nan, kada ka kuskura.

Yau babu harbi. Ya tokare ƙofa da buhunan alkama, ya zauna jiran ajali.

Da la'asar aka ƙwanƙwasa. Ya leƙa ta kafar ƙofa. Matar Gulmast ce, ta tsufa, da kwanon shinkafa a hannu.

"Au, kana da rai? Da na ji shiru, ta'aziyya na zo."

"Ina Gulmast?"

"Kabarinsa har ya yi ciyawa, ɗan'uwa. Ni ke amsa maka, don kada ka gane babu namiji a gidan. Tsoronka ya hana ni fita."